Tarihin Sauƙaƙa Rubutu a Shafukan Intanet

Sa'ad da Tim Berners-Lee, wani masani ɗan Ingila, ya gabatar da shawararsa ga cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba cikin shekara ta 1989, ba don talakawa ya tsara ta ba. Nufinsa shi ne masana da ke warwatse cikin ƙasashe su sami hanyar ganin takardun juna. Cikin 1991 aka buɗe tsarin ga kowa, cikin 1993 kuwa CERN ta yafe haƙƙinta a kansa. A wannan shekara kuma aka fito da manhajar Mosaic a Jami'ar Illinois ta Amurka, wadda ke nuna hoto da rubutu a shafi guda. Daga nan hukumomi da 'yan kasuwa suka yi ta buɗe shafuka.

Amma shafukan farko sun gaji wani aibi. Masu su sun ɗauki takardun ofis da na talla suka zuba a allon kwamfuta yadda su ke, da doguwar shimfiɗa da jimloli masu sarƙaƙiya. Mai shafi ya kan rubuta abin da ya ke so ya faɗa, ba abin da mai karatu ya zo nema ba.

Wanda ya fi shahara wajen auna wannan aibi shi ne Jakob Nielsen, mutumin Danmak. Cikin 1997 shi da John Morkes suka ba da sakamakon wani gwaji, inda suka tarar cewa kashi 79 cikin ɗari na mutanen da suka gwada tsallake-tsallake su ke yi a shafi, kashi 16 kaɗai ke karanta kalma bayan kalma. Suka ɗauki wani bayani a kan wuraren yawon buɗe ido na jihar Nebraska, suka taƙaita shi, suka jera abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, suka cire kalmomin kuranta kai. Bisa ma'auninsu, sauƙin amfani da shi ya ƙaru da kashi 124 cikin ɗari. Shawarar Nielsen kuwa ba sabuwa ba ce, watau a fara da gundarin magana sa'an nan bayani ya biyo, kamar yadda 'yan jarida suka daɗe suna yi.

Wani tasirin ya fito ne daga wajen naƙasassu. Makaho ya kan yi amfani da manhaja mai karanta masa rubutu da murya, in kuwa ta iske hoto ba tare da bayani ba, ba ta da abin gaya masa. Saboda haka cikin 1999 ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa cikin 1994, ta fito da ƙa'idoji 14. Ta farko ta ce a ba hoto da sauti bayanin da zai maye gurbinsu, ta ƙarshe kuma ta nemi a yi amfani da harshe mafi sauƙi da ya dace da shafin. Ba a daɗe ba aka ga ƙarfinsu. Cikin 2000 Bruce Maguire, wani makaho ɗan Ostareliya, ya yi nasara a ƙarar da ya kai kwamitin shirya wasannin Olamfik na Sidni gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarsa, don shafinsu ba ya karantuwa ga makafi, har aka umarci a biya shi diyyar dalar Ostareliya 20,000.

Daga bisani gwamnatoci suka shiga. Cikin 2010 Amurka ta kafa doka wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshe bayyananne, cikin 2012 kuma Birtaniya ta buɗe shafin GOV.UK don tattara bayanan hukuma wuri guda bisa bukatun mai nema. Watau abin da ya fara a matsayin shawara ya zama haƙƙin ɗan ƙasa.

Wannan tarihi ya shafi manazarta Hausa ta fuska biyu. Ta farko ita ce ta salo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta nuna tuni cewa ana iya bayyana al'amuran duniya da Hausar da manomi zai gane in an karanta masa. Ta biyu ita ce ta haruffa masu lanƙwasa, waɗanda aka shigar cikin boko a zamanin Rupert East. Ko da ya ke tsarin Unicode ya ba su gurbi tun 1991, rashinsu a allon buga rubutu ya sa marubuta da yawa suka saba da barinsu. Nan kuwa ƙasa ta kan koma kasa, baƙi su koma baki, faɗa ya koma fada. Mai karatu ya kan tsaya ya laluba ma'ana daga jimla, alhali kuwa mai tsallake-tsallake ba ya tsayawa.

Lalle ne kwalejojin horon malamai su lura da wannan. Ɗalibin da aka koya wa fara magana da gundarinta, da gajarta jimla, da sa lanƙwasa inda ta dace, an riga an koya masa mafi yawan abin da masu shafuka suka yi shekaru suna ganowa da gwaji da shari'a.