Hatimin Mutanen Elam

'Yan'uwa, mu mazauna Yerwa mun san darajar hatimi. Tun zamanin da, takardar da ta fito daga fadar Shehun Borno, hatimin da ke kanta ne yake shaida cewa maganar Shehu ce. Amma wannan al'ada ta girmi Borno da dubban shekaru. Bari mu duba wata ƙasa da Littafi Mai Tsarki ya ambata, wato Elam.

Elam tana kudu maso yammacin ƙasar Iran ta yau, babban birninta kuwa Shushan ne. A Farawa 14 mun karanta labarin Kedarlayomer sarkin Elam, a Ayyukan Manzanni 2:9 kuma akwai Elamawa cikin taron ranar Fentikos.

Tun wajen shekara 3500 kafin haihuwar Almasihu mutanen Shushan suke yin wani irin hatimi. Ɗan dutse ne mulmulalle, bai kai tsawon yatsa ba, da huda a tsakiya domin a zura igiya a rataya. Gwanin sassaƙa yakan zana siffofi kewaye da shi. In mai shi ya mirgina shi a kan ɗanyen yumɓu, sai zanen ya fito a jere. Da haka ake rufe bakin tulu, da ƙofar rumbu, da allon yarjejeniya. Wanda ya fasa yumɓun, asirinsa ya tonu.

Me suke zanawa? Akwai masu saƙa, da masu zuba hatsi a rumbu. Wajen shekara 3000 kafin Almasihu sai ga zakoki da bijimai tsaye da ƙafa biyu, suna aiki kamar mutane. Daga baya kuma suka riƙa zana wani allahnsu zaune bisa maciji naɗaɗɗe. Masu tonon tarihi daga Faransa, irin su Jacques de Morgan wanda ya fara aiki a Shushan a 1897, sun tono da yawa, ana kuma ajiye da su a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris.

Wannan zai taimake mu fahimtar littafin Esta, gama a Shushan ne abin ya faru, bayan mulki ya koma hannun Farisa. Hatimin sarki Ahasurus zobe ne. Da ya cire ya ba Haman, sai maganar Haman ta zama dokar sarki, ran Yahudawa duka ya shiga hatsari. Da zoben ya koma hannun Mordekai, da shi aka hatimce takardar da ta cece su (Esta 3:10, 8:2, 8).

Hatimi sunan mutum ne. Yau namu shi ne sa hannu da dangwala yatsa. Saboda haka kada mu dangwala a takardar gona ko ta bashi sai an karanta mana ita da harshen da muke ji. Mu kuma tuna da Afisawa 1:13, cewa Allah ya hatimce masu bi da Ruhu Mai Tsarki, shaidar cewa mu nasa ne.