Gwanin Shekara: Daga Filin Kwalejin Katsina Zuwa Jerin Sunayen Amurka

Yau tarihin wasa zan taɓa.

Ranar 5 ga Maris 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Gininta na ƙasa yana nan har gobe, shi ne gidan adana kayan tarihi na cikin birni. Domin horon malamai aka kafa ta, ana ɗebo yara daga lardunan Arewa su yi shekara biyar. Sunayen da suka fito daga cikinta kowa ya haddace: Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Abubakar Imam, Kashim Ibrahim, Aliyu Makaman Bida, Isa Kaita. Mun saba ganin hotunansu da manyan riguna da rawuna, har mukan manta cewa sun taɓa zama samari masu haki da gumi a fili.

Turawan da ke koyarwa a can ba su ɗauki wasa abin wasa ba. Akwai kurket, akwai ƙwallon ƙafa, sannan ga faibs, wanda ya fi sauran kama ƙasa. Wani malami mai suna Hogben ake jingina wa kawo shi. Filin wasan ɗaki ne mai bango uku ba rufi a baya, mutum biyu su kara da biyu, ana dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango ta dawo. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila, ta 'ya'yan manya, amma ya zo Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato ya zama ɗan gida. Ahmadu Bello, wanda ya shiga kwalejin a 1926 ya fita a 1931, gwani ne a kai, kuma bai bar shi ba har ya zama Firimiya. Kofin Sardauna da 'yan faibs ke fafatawa a kansa sunansa ya ci.

To, a nan gizo ke saƙar. Don me muka san Sardauna ya iya faibs? Don ya zama Sardauna. Haka muka san Sarki Usman Nagogo gwanin folo ne, kuma lallai gwani ne, amma sarauta ta taimaka wajen riƙe labarin. Yaron da ya fi kowa gudu a filin kwalejin, ya gama ya koma lardinsu ya ƙare rayuwa da alli a hannu, shi ba ya cikin hirar kowa.

Ku dubi abin da Amurkawa ke yi a daidai waɗannan shekaru. Suna da wata ƙwallo ta 'yan jami'a, ba irin tamu ba: mai siffar ƙwai ce, runguma ake yi a sheƙa da ita, ana kokawa ana ture juna. Tsananinta ya kai a 1905 aka yi ta rasa rayuka, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira shugabannin wasan zuwa fadarsa, aka gyara dokoki a 1906. Tun daga 1889 wani tsohon ɗan wasan jami'ar Yale, Walter Camp, tare da ɗan jarida Caspar Whitney, suka fara fitar da sunayen mutum 11 da suka fi kowa a shekara, kowane gurbi da gwaninsa. Waɗannan sha ɗayan ba sa haɗuwa su buga da kowa. Suna ne kawai a takarda. Camp ya ci gaba da fitarwa a mujallar Collier's har 1924, ya rasu a 1925.

Kada ku ɗauka jerin nan adalci ne tsantsa. Na farkon gaba ɗayansa daga jami'o'i uku aka cike shi, Harvard da Yale da Princeton, kamar sauran ƙasar ba ta haihu ba. Amma da yake abu ne na duk shekara, wata rana dole gwani ya fasa ƙofa. William Lewis, baƙar fata daga Harvard, ya shiga a 1892. Fritz Pollard na jami'ar Brown ya shiga a 1916, Paul Robeson na Rutgers a 1917 da 1918.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Jim Thorpe. Ɗan asalin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka ne, ɗalibi a makarantar Carlisle, inda ake kai 'ya'yansu a aske musu gashi a hana su harshen iyayensu. A 1911 wannan makaranta ta raini ta je ta doke Harvard 18 da 15, yawancin makin daga ƙafar Thorpe. Camp ya sa shi a jerin 1911, ya sake sa shi a 1912. A wannan shekarar ta 1912 ya je gasar Olamfik a Stockholm ya ciyo zinare biyu. Shekara na zagayowa aka ƙwace, wai ya taɓa karɓar 'yan kuɗi a wani wasa can baya. Ya rasu a 1953 ba a mayar masa ba. Sai 1982 aka amince a dawo da sunansa, sai kuma Yulin 2022 aka tabbatar shi kaɗai ne zakara. Shekara 110 ke nan. An zalunce shi, amma da yake an rubuta abin da ya yi, jikokinsa sun sami abin da za su riƙe su yi ƙara.

Mu ma ba mu rasa hanyar karrama gwani ba. Tamu kiɗa ce da kirari. Yau yaron da bai taɓa ganin Shago ba ya san shi ɗan dambe ne, saboda Ɗan Anace ya ɗauke shi a baki. Sai dai ɗan makaranta ba shi da makaɗi. Shi ba ɗan dambe ba, ba ɗan kokawa ba, ba ɗan sarki ba. In takarda ba ta riƙe shi ba, shi ke nan.

Na taɓa komawa wata makaranta da na koyar a yankinmu, ina neman sunayen yaran da suka ciyo mana kofi. Kofin na tarar a bayan kabad, ya yi tsatsa, an zuba ƙusoshi a ciki. Suna ko ɗaya babu. Ni kaina uku kawai na iya tunawa, kuma laifin har da ni, don ni ne malamin wasanni a lokacin.

Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san abin da filayen makarantunmu suka gani. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, in an ambaci yaranmu a duniya da wannan ake ambatonsu. Alhali a cikinsu akwai mai tsaron gida da ƙwallo ba ta wuce shi, akwai wanda ba a kayar da shi a langa.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, roƙona gare ku ƙarami ne. Allon katako ɗaya da gwangwanin fenti. Ƙarshen kowace shekara a rubuta shekarar, a rubuta sunayen yara 11 da garuruwansu, a kafe a bangon ɗakin taro. A fara da na bana.