Sadaka ko Haƙƙi? Yadda Yahudawan Dā Suka Fahimci Adalci

 Yau za mu fara ne daga gona. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gwarzo ko Kabo ya san kala: an cire gyaɗa, an kwashe, sai yara da tsofaffi su bi gonar suna tsintar abin da ya saura. Mu dai a wurinmu al'ada ce. To a Attaura doka ce, kuma a babin adalci aka ajiye ta.

Harshen Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, shi ya sa wasu kalmominsa ba za su yi muku baƙunta ba. Suna da kalmomi biyu da ke yawan tafiya tare. Ta farko mishfat, wato hukuncin da alƙali ke yankewa tsakanin mutum biyu. Ta biyu tsedek, wato daidaito, kowa ya samu abin da ya cancanta. Daga tsedek aka samo tsedaka, wadda tushensu ɗaya da sadakar da muka aro daga Larabci. Kun ga ke nan, a harshensu, ciyar da mabuƙaci da yin adalci kalma guda ce.

Shi ya sa Attaura ta hana manomi girbe gonarsa kakaf. Dole ya bar gefe, kada ya tsince zangarniyar da ta faɗi, in kuma ya manta dami a gona kada ya koma ɗauka. Wannan rabon talaka ne da baƙo da maraya da matar da mijinta ya rasu. Littafin Mishna, wanda malamansu suka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ma sa iyaka: abin da za a bari kada ya gaza kashi 1 cikin 60. Mai kala ba roƙo ya zo ba, nasa ya zo ɗauka. Musulmi zai tuna da zakka a nan, domin ita ma haƙƙin talaka ce.

Ɓangaren kotu fa? Mishna ta ce shari'ar kuɗi alƙalai 3 ne, ta kisa 23, babbar majalisa kuwa 71. A shari'ar kisa, rinjayen mutum ɗaya ya isa a saki wanda ake tuhuma, amma kafin a kama shi da laifi sai rinjayen ya kai biyu, kuma sai an kwana an tashi. Ƙananan alƙalai ake fara ji, don kada su bi bakin manya. Attaura kuma ta gargaɗi alƙali: kada kwarjinin babba ya ruɗe shi, kada tausayin talaka ya karkatar da shi. Lura da kyau, a gona an fifita talaka, a kotu kuwa kowa daidai ne.

Daga baya Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya kuma rasu a Masar a 1204, ya kasa tsedaka hawa 8. Na ƙasa shi ne bayarwa da ɓacin rai. Na ƙoli kuwa shi ne: ka ba mutum kyauta ko rance, ko ka haɗa jari da shi, ko ka sama masa sana'a, har ya daina buƙatar kowa.

To jama'a, ga kaka na zuwa. Mai gona ya tambayi kansa: in na ga masu kala, ɓarayi nake gani ko masu rabo? Ɗan ƙwadagon da ya yini yana min noma, na biya shi kafin faɗuwar rana, ko sai ya yi ta sintiri? Ita ma wannan Attaura ta yi maganarta.

Ku bayyana mana yadda ake kala a garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.