Ranar da Houston ta tsere wa guguwar Rita

A watan Satumban 2005, mako uku kacal bayan Katrina ta nutsar da New Orleans, wata mahaukaciyar guguwa mai suna Rita ta doso gaɓar Texas a Amurka. Mutanen Houston sun riga sun ga gawarwaki cikin ruwa a talabijin. Da magajin gari Bill White ya ce mazauna yankunan da ambaliya kan ci su fice, har waɗanda ke nesa da teku suka kwashe yara suka bi sahu. Sama da mutum miliyan 2 suka hau hanya kusan lokaci guda.

Mu masu rubuta manhaja mun san abin da kan faru idan kowa ya afka wa shafi ɗaya a daƙiƙa ɗaya: sai ya sandare. Haka babbar hanyar I-45 ta yi. Tafiyar awa 4 zuwa Dallas ta koma ta awa 20, ga rana kamar wuta, ga mai ya ƙare a tankuna da gidajen mai. Hukuma ta makara wajen buɗe hannun shigowa gari ga masu fita, kuma wannan sakaci ne. Wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama da wuta kusa da Dallas, mutum 23 suka rasu. Gudun ya ci rayuka sama da 100.

Rita kuwa ta karkata gabas, ta sauka kan iyakar Texas da Louisiana ranar 24 ga wata. Da Harvey ta zo a 2017, magajin gari Sylvester Turner ya ƙi ba da umarnin ficewa, kuma ruwa ya shanye manyan hanyoyin da jama'a za su bi.