Sanyin Hunturu da Kusancin Rana

Alkamar da ake nomawa a Kadawa da Kura da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a ƙasar Bebeji a 1974, sai da sanyi take yin kyau. Shi ya sa manomi ke gaggawar shuka tun Nuwamba, don hunturu ya tarar da ita a gona. In ka tambayi dalilin wannan sanyi, amsar da za ka fi ji, har daga bakin 'yan boko, ita ce rana ta yi nisa. Hankali na saurin karɓar haka, domin kowa ya san na kusa da murhu shi ke jin ɗumi.

Awo ya ƙaryata wannan amsa. Tun 1609 Johannes Kepler ya nuna cewa hanyar da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce. A farkon Janairu, lokacin da jaura ke hana yara fita sammako, tsakaninmu da rana kilomita miliyan 147 ne, mafi kusa a duk shekara. A farkon Yuli kuwa miliyan 152 ne. Hasken da duniya ke samu a Janairu ya ɗara na Yuli da kusan kashi 7 cikin 100.

Asalin dalilin shi ne duniya a karkace take juyawa, da daraja 23.4. Bebeji na tsakanin daraja 11 da 12 arewa da ikwaita, don haka a ƙarshen Disamba, ko da tsakar rana, rana ba ta haura kimanin daraja 55 ba. Haskenta na saukowa a kaikaice, ya bazu, ƙarfinsa ya ragu. Ƙurar Sahara ta tare wani sashe, da dare kuma busasshiyar iska ta bar zafin ƙasa ya tsere sama. Sai wajen 20 ga Afrilu rana ke tsayawa daidai tsakar ka, inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa, a tsakiyar zafin bazara. Tana sake tsayawa haka a Agusta, amma gajimaren damina ya sha gabanta.

Duwatsun Riruwai a Doguwa ma shaida ne cewa ba kusanci da rana ke kawo ɗumi ba: sun fi birnin Kano tudu, kuma sun fi shi sanyi, domin ƙasa ce ke ɗumama iska daga ƙasa, iskar da ta hau sama kuwa faɗaɗa take yi ta huce.

A ganina, laifi ne a koyar da wannan a allo kaɗai. Malaman kimiyya na Kiru da Tudun Wada su kafa sanda a filin makaranta, ɗalibai su riƙa auna inuwarta da tsakar rana daga Disamba zuwa Afrilu.