Ƙaurar Littattafan Addini Daga Tsofaffin Faya-fayai Zuwa Sababbin Manhajoji: Waiwaye a Kan Abin da Ke Salwanta a Hanya

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun tarin littattafan addini da aka zuba a kwamfuta tun daga shekarun 1980, da yadda suke ƙaura daga wata manhaja zuwa wata. Ta fi mayar da hankali ga littattafan Larabci na hadisi da fiƙihu da tafsiri, musamman tarin Maktabatus Shamila. Hujjarta ita ce, kowace irin wannan ƙaura kwafe littafi ce sabuwa, kuma tana buƙatar irin muƙabalar da magabata suka gindaya wa masu kwafe littattafai da hannu.

Mafari

Akwai wani ƙaramin rumbun ajiya da ya biyo ni daga gida zuwa Ingila shekaru da dama da suka wuce. Wani abokin karatu ne ya cika mini shi da littattafai, kamar yadda ɗalibai suka saba yi wa juna a wancan zamani, ba sisi ba kwabo. Ranar da na buɗe wasu daga cikin fayilolinsa a sabuwar kwamfuta, sai na tarar kalmar da ya kamata ta fito a matsayin كتاب ta rikiɗe ta koma ßÊÇÈ. Littafin yana nan, ko harafi ɗaya bai ɓata ba, amma na'urar ta daina gane yaren da aka rubuta mata shi. Wannan ƙaramin al'amari shi ya sa na fara tambayar inda waɗannan matanoni suka fito, da hannuwa nawa suka ratsa kafin su iso gare mu.

Ba Musulmi ne suka fara fuskantar matsalar ba. A 1949 wani malamin Katolika ɗan Italiya, Roberto Busa, ya shawo kan kamfanin IBM ya taimaka masa wajen fihirisa dukkan kalmomin da ke cikin rubuce-rubucen Thomas Aquinas. Aikin ya fara a kan katunan da ake hudawa, ya koma kan zaren maganaɗisu, ya fito a buge cikin mujalladai 56 tsakanin 1974 da 1980, ya hau faifan CD a 1992, sannan ya shiga intanet a 2005. Gida biyar ke nan matani ɗaya ya zauna a rayuwar mutum ɗaya. Masu nazarin Littafi Mai Tsarki su ma sun sha tasu: manhajar Logos da ta fito a 1992 ta sauya gini zuwa Libronix a 2001, ta sake sauyawa a 2009, kuma a wannan shekarar ce manhajar e-Sword ta bar tsarin Access ta koma SQLite, har sai da aka juya tsofaffin littattafanta kafin su karantu. Sai dai a can babbar tambayar ita ce ta haƙƙin mallaka: shin littafin da na saya a tsohon faifai zai biyo ni zuwa sabuwar manhaja? A wajenmu, inda mafi yawan tarin kyauta ne, tambayar ta bambanta. Ita ce: wannan matanin na wane bugu ne, kuma wa ya duba shi?

Zamanin faifai

Tarihin shigar littattafan Musulunci kwamfuta yana da alaƙa da kamfanin Al-Alamiyya na Muhammad al-Sharikh a Kuwait, mai kwamfutocin Sakhr, wanda ya fitar da manhajar Alƙur'ani a shekarun 1980. Bayan mamayar Iraƙi ta 1990 aikin manhajojin ya tattara a Alƙahira, kuma daga wannan zuriya ce kundin hadisi na littattafai tara ya yaɗu a kan faifai: Bukhari, Muslim, Abu Dawuda, Tirmizi, Nasa'i, Ibn Majah, Muwaɗɗa, Musnadin Ahmad da Darimi. Taran nan su ne dai waɗanda fihirisar Wensinck ta ƙunsa, wadda aka fara bugawa a Laidin ta ƙasar Holan a 1936, ba a kuma rufe ta da mujalladi na takwas ba sai 1988. Abin da ya ci wa masana fiye da shekara hamsin, faifai ɗaya ya mayar da shi aikin ƙiftawar ido. Daga baya cibiyar Turas da ke Amman ta fitar da manyan tari irin su Maktabatul Alfiyya da Jami'ul Kabir.

Tun a nan aka shuka matsaloli biyu da har yau ake girbe su.

Ta farko ita ce ta haruffa. Kwamfuta lamba take ajiyewa, ba harafi ba, kuma tsofaffin jadawalai gurbi 256 kawai gare su. Larabci ya samu jadawalai da dama masu saɓa wa juna, daga ASMO 708 zuwa Windows-1256, kuma lambar da take nufin kaf a jadawalin Windows-1256, ita ce take nufin ß a jadawalin Turawan Yamma. Asalin rikiɗar da na ambata a sama ke nan. Tsarin Unicode, wanda ya bai wa kowane harafi lambarsa shi kaɗai, ya fito tun 1991, amma dubban littattafai an ci gaba da buga su a tsohon jadawali shekaru da yawa bayan haka. Wannan matsala ce mai sauƙin magani, domin in an san jadawalin asali, juyawar ba ta ɓatar da komai.

Ta biyu ba ta da sauƙi haka, ita ce ta lambobin hadisai. A lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda aka buga tare da Fathul Bari, hadisin ƙarshe na Sahihul Bukhari shi ne na 7563. A lissafin Al-Alamiyya shi ne na 7008. Sahihu Muslim kuwa Abdulbaƙi ya tsayar da shi a 3033, saboda bai ƙirga maimaici ba, yayin da wasu bugu suke ƙirga kowace hanya da lambarta. Duk marubucin da ya ɗauki lamba daga tsohon faifai bai faɗi lissafin da ya bi ba, ya bar wa mai karatunsa adireshin gidan da aka sake wa unguwarsa lambobi. Na sha cin karo da wannan a kundayen digiri da aka rubuta a farkon shekarun 2000: hadisin na nan daram a cikin littafin, amma ba a wurin da aka ce yake ba.

Shamila da fayilolinta

A 2005 Maktabatus Shamila ta bayyana, kyauta, kuma cikin 'yan shekaru ta shafe kasuwar faya-fayan sayarwa. Ƙarfinta yana cikin buɗaɗɗiyar ƙofarta: kowa na iya buga littafi ya shigar, ya kuma fitar da shi a fayil mai ƙarewa da .bok ya miƙa wa wani. Shi wannan fayil ba komai ba ne illa rumbun bayanai na tsohon tsarin Access da aka sauya wa suna. A cikinsa akwai jadawali guda na matani, mai ɗauke da gurbin nassi da na juzu'i da na shafi da na lambar hadisi, da wani jadawalin na kanun babobi. Sauƙin ginin shi ya sa wasu suka iya rubuta manhajojin da ke karanta shi, kamar Thawab ta masu amfani da Linux. Tsufansa kuma shi ya sa ya zama kaya, domin daga fitowar 2013 ita kanta Access ta daina buɗe fayilolin tsarin 1997. Sabuwar Shamila ta huɗu ta bar wancan gini gaba ɗaya.

Abin da ya fi damun mai tarihi shi ne asalin matanonin. Da yawa daga littattafan farko an kwaso su ne daga taskoki irin su Warraƙ, wasu kuma masu neman lada ne suka buga su da yatsunsu, kuma ba kowane ne aka gwada da bugaggen littafi ba. Masu Shamila ba su ɓoye wannan ba. A katin kowane littafi akan rubuta ko lambobin shafukansa sun dace da bugun takarda, ko kuwa na'ura ce ta raba su yadda ta ga dama. Wannan ɗan layi shi ne duk isnadin da matanin yake da shi, kuma shi ne abu na farko da ke faɗuwa idan aka juya littafin zuwa wata manhaja ko aka zuba shi a wayar hannu. Sai a wayi gari mai bincike ya rubuta juzu'i na kaza shafi na kaza, ya jingina wa wata maɗaba'a ta Bairut, alhali babu wani littafin takarda a duniya da yake da wannan shafi. Na taɓa zama a kwamitin jarraba wani kundi inda muka ɗauko bugun da ɗalibin ya ambata daga kanta, muka rasa ko ɗaya daga ambato goma na farko a inda ya ce. Ba ƙarya ya yi ba. Abin da allonsa ya nuna masa ya kwafa.

A nan ne nake ganin ya kamata a tuna da Sharafuddin al-Yunini, wanda ya rasu a 701 bayan hijira. Shi ne ya tara ingantattun kwafe-kwafen Sahihul Bukhari a Dimashƙa, ya gwada su da juna cikin zama 71, a gaban Ibn Malik mai Alfiyya, yana sa wa kowace ruwaya alamarta a saman kalma ko a gefen shafi. A kan aikinsa Ƙasɗallani ya gina sharhinsa, kuma a kansa aka buga bugun Sulɗaniyya a Bulaƙ tsakanin 1311 da 1313 bayan hijira bisa umurnin Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu. Darajar wannan bugu tana cikin waɗancan alamomi da bayanan gefe. Gurbin nassi na rumbun bayanai kuwa layi ɗaya miƙaƙƙe ya sani. Ba shi da sama, ba shi da gefe. Matanin da ya ratsa ta cikinsa yakan fito a goge, kamar dai ruwaya ɗaya ce tal ta zo daga Bukhari. Saboda haka ne haɗa matani da hoton shafin bugunsa, wanda Shamila ta shigo da shi daga baya, ya fi kowane sabon salon bincike muhimmanci a wajena.

Masana a jami'o'in Turai da Amurka sun bi ta wata hanyar. Shirin OpenITI, wanda Maxim Romanov da Sarah Savant da Matthew Miller suke cikin jagororinsa, ya kwashi matanonin Shamila da na Jami'ul Kabir da wasunsu ya mayar da su rubutu tsura na Unicode, wanda kowace na'ura za ta iya buɗewa. Kowane littafi an raɗa masa suna da shekarar rasuwar mawallafinsa, kamar 0256Bukhari.Sahih ko 0310Tabari.Tarikh, sannan aka liƙa sunan tarin da aka ɗauko shi da lambarsa a can. In littafi ɗaya ya zo ta hanya uku, ukun ake ajiyewa. Wannan ya yi kusa da ɗabi'ar malaman hadisi fiye da yadda masu shi za su yi zato. Amma ba ya gyara kuskuren bugawa. Kuskuren da wani ya yi da yatsa a 1998 yana nan, sai dai yanzu an san ta ƙofar da ya shigo.

Inda abin ya shafe mu

Ɗalibin da ya tashi a kan Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil zai same su a waɗannan tari tare da sharhohinsu, haka ma Nailul Ibtihaj na Ahmad Baba na Tumbuktu. Bayan wannan sai ƙasa ta yi fili. Duk wanda ya buɗe mujalladi na biyu na kundin John Hunwick a kan rubuce-rubucen Larabci na Afirka, wanda ya fito a 1995, ya ga yawan abin da malaman Borno da ƙasar Hausa da Sakkwato suka wallafa, zai san cewa abin da ya shiga manhajojin nan bai kai cikin cokali ba. Dalilin a fili yake: masu tarin sun buga abin da maɗaba'un Alƙahira da Bairut suka riga suka buga ne, namu kuwa mafi yawansu a rubutun hannu suke, ko a bugun kasuwa da aka ɗauki hoton rubutun hannu.

Ko an shigar da su, akwai tarnaƙi. Manhajojin an gina su ne a kan ruwayar Hafs da ƙidayar Kufa mai ayoyi 6236, wadda bugun Alƙahira na 1924 ya yaɗa. Mus'hafan Warsh suna bin ƙidayar Madina ta ƙarshe mai ayoyi 6214. Suratul Baƙara a can 286 ce, a nan 285. Tafsiri irin Kifayatu Du'afa'is Sudan na Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka rubuta a kan Warsh, in aka ɗaura shi a kan gurbin sura da aya na manhajar da Hafs kaɗai ta sani, lafazin da ake fassarawa zai riƙa saɓa wa lafazin da allo ke nunawa a duk inda ruwayoyin biyu suka rabu. Ga kuma rasmu: fa'unmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗinmu ɗigo ɗaya gare ta a sama, wadda a idon ɗan Gabas da na na'urar karanta hoto fa'u ce sak. Mai bugawa da ya bi siffa maimakon lafazi ya ɓatar da kalmar daga duk wani bincike.

Ajami ya fi shan wuya. Jadawalin Windows-1256 ba shi da gurbin haruffan da Hausa ta ƙara, saboda haka tsohon fayil na .bok ba zai iya ɗaukar waƙar wa'azi ta Hausa yadda take ba. Sai a 2016 Unicode ya karɓi fa'u da ƙaf da nun na Afirka, waɗanda ɗigonsu kan faɗi a ƙarshen kalma, sai kuma a 2020 ya ƙara wasu haruffan da Hausa ke buƙata. Tarin ajami na Jami'ar Boston, wanda Fallou Ngom ya jagoranta, hotunan shafuka ne; ana karanta su da ido, ba a bincika su da kalma. Waɗanda suka yi ƙoƙarin buga ajami a kwamfuta kafin wannan lokaci sun yi dabara ne da fon ɗin da suka ƙera wa kansu, inda suka ari gurbin wani harafi suka zana nasu a kai. Irin waɗannan fayiloli, in fon ɗin ya ɓata, babu jadawalin da za a duba a dawo da su, sai an samu wanda ya san waƙar da ka ya zauna ya bi ta baiti-baiti.