Sauya Tsarin Saƙon Murya da Adana Hausar Zangunan Accra

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke samun saƙon murya idan aka sauya shi daga AMR ko Opus zuwa MP3, da illar hakan ga nazarin Hausar zangunan Nima da Maamobi. An dogara ne da ƙa'idojin tsare-tsaren da lissafin girman fayil.

Gabatarwa

A zangunan Accra baki ya fi rubutu aiki. Sanarwar suna da ta rasuwa, wa'azin malam, cinikin albasa da gaisuwar iyaye daga Tamale ko Kano, duk da murya suke yawo. Sai dai wayar da ke ɗauke da su ba ta daɗewa. Shekara da shekaru, wayar da ta gagari masu gyara a Kwame Nkrumah Circle, kasuwar 'yan jari-bola ta Agbogbloshie ce makomarta, har hukumar yankin Accra ta rushe wurin a Yulin 2021. Muryar da ba a kwashe ba ta tafi ke nan.

Tsare-tsaren

Ƙananan wayoyi da yawa da AMR suke naɗa, tsarin da ƙungiyar 3GPP ta amince da shi a 1999. Yana ɗaukar samfuri 8,000 a daƙiƙa, bai wuce kilobit 12.2 a daƙiƙa ba, kuma ba ya riƙe amon da ya haura kimanin hertz 3,400. WhatsApp, wanda ya fito da saƙon murya a 2013, da Opus yake aiki, tsarin da IETF ta fitar a 2012. Kasancewar rediyon mota da ƙananan lasifika masu cin katin memori sun fi sanin MP3, shi ake yawan mayar da saƙo gare shi.

Inda gizo ke saƙar

AMR da Opus da MP3 duk masu zubarwa ne: kowanne yana yar da wani ɓangare na sautin don fayil ya ƙanƙance. Sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya asara ce a kan asara. Minti ɗaya na AMR bai wuce kimanin kilobayit 96 ba. A mayar da shi MP3 mai kilobit 128, sai ya zama kilobayit 960, ya ninka sau goma ba tare da ko ɗigon abin da ya ɓace ya dawo ba. Abin lura shi ne, tsarin WAV mai samfuri 8,000 da bit 16 a layi ɗaya shi ma kilobayit 960 yake ci a minti, kuma ba ya zubar da komai. Ke nan hujjar fifita MP3 a kan WAV saboda ƙarancin wuri ba ta tsaya ba.

Ga mai nazarin harshe abin ya fi ciwo. Karin sauti yakan tsira, domin kunne yana gane hawa da saukar murya ko a layin waya. Baƙaƙe 'yan zuzau kuwa, irin su s da sh, mafi yawan ƙarfinsu yana can sama, inda AMR ke yankewa. Alhali a baƙaƙe ne Hausar Ghana ta fi fita daban: ana jin "cau" inda Bakano zai ce "kyau", ƙ kuma kan koma k. Wanda ya yanke hukunci kan irin wannan daga fayil da aka sauya sau uku, mai yiwuwa aikin na'ura yake jingina wa mai magana.

Shawara

A ajiye fayil na asali yadda yake, da sunansa da kwanan watansa. A sauya shi sau ɗaya tak zuwa WAV da manhajar FFmpeg ko Audacity, MP3 ya zama kwafin saurare kawai. Kada a kunna saƙo a waya ana naɗa da wata. Murya kuma amana ce, Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta tanadi neman yardar mai ita. Ya kamata Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta haɗa hannu da limamai da sarakunan zango a fara tattara waɗannan muryoyi tun masu su suna raye.